Duwatsun da Na Kwashe wa Baffa

Daga Allah muka zo, kuma babu wanda zai ƙi komawa. Baffa ya koma ranar Talata bayan an idar da sallar asuba, ana tsakiyar marka, a ƙauyenmu da ke kan hanyar Baure in ka baro Daura. Ya cika a ɗakinsa, Iya matarsa tana riƙe da hannunsa. Shi ne ƙanen mahaifina, kuma shi ne na ƙarshe a cikin iyayenmu maza.

Na je gaisuwar mutuwa da yawa a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin ta ranar nan ba. Mutum zai shigo zaure ya ce, "Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta," sai ya juya yana kallon na kusa da shi. Ba wanda ya zauna da kyau a kan tabarma. Masu haƙa kabari su huɗu suna tsaye a ƙofar gida da diga da shebur, sun ƙi tafiya. Liman ya leƙa ya ce, "Ku kuma me kuke jira? Rana tana yi."

Babbansu ya ce, "Allah gafarta Malam, a ina za mu haƙa?"

Sai tsohon maƙerin garinmu, abokin Baffa tun suna samari, ya ɗago kai ya nuna ni da sandarsa. Ya ce, "Ku tambayi Ciyaman. Ai shi ya kwashe duwatsun."

Ciyaman ni ne. Baffa ya laƙaba mini sunan, kuma ba don girmamawa ba. Na rubuta wannan don kada a manta da shi, kuma don kada a manta abin da na yi masa. Karatuna bai wuce firamare da allo ba, a yi haƙuri da rubutun.

Fiye da shekara arba'in Baffa ne ke nuna inda za a haƙa kabari a garinmu. Maƙabartarmu ƙarama ce. Gabas gonaki, arewa kwazazzabo yana cin ƙasa duk damina, sauran ɓangarorin gidaje. Ba inda za a ƙara. Don haka dole a riƙa komawa tsohon wuri, inda na ciki ya daɗe da zama ƙasa. Sanin wannan wurin shi ne aikin Baffa.

Ga yadda yake yi. Duk wanda aka binne, washegari Baffa zai tafi dutsen da ke bayan gari, ya faso ɗan dutse kamar girman ƙwarya, ya kafa shi a wajen kai, sabuwar fuskar tana kallon sama. Ba ya rubuta komai, bai ma iya rubutun ba. Shekaru suna tafiya sai wani abu ya fara fitowa a jikin dutsen, kamar ƙyasbi a fatar mutum, wani toka-toka, wani kore-kore. Mu gansakukar dutse muke ce masa. Ba ya sauri. Baffa ya ce in tabon ya kai farcen babban yatsa, na ciki har yanzu baƙo ne. In ya kai bakin ludayi, a bar shi tukuna. In ya cika tafin hannu har ya fara mutuwa daga tsakiya, to ana iya haƙawa, ba za a ga kowa ba.

Yana da dogon farce a babban yatsansa na dama, ba ya yanke shi sai ya dame shi a alwala. Da shi yake kankarar dutse. Zai durƙusa, ya kankara, ya kawo ido kusa, ya ce, "Wannan mai koren ciki ne," ko "Wannan mai jan ciki ne." Ya ce mai jan ciki ya fi son inuwa, kuma tafiyarsa dabam, ba a auna su da ma'auni ɗaya. Muna yara muna yi masa dariya. In muka ce, "Baffa, me dutse ya gaya maka yau?" sai ya ce, "Ya ce ku ma kuna tafe."

Ba mai yawan fara'a ba ne, amma na ga alherinsa. Wata shekara wani makiyayi baƙo ya mutu a bakin garinmu, ba wanda ya san danginsa. Baffa ya kafa masa dutse kamar kowa. Bayan shekara shida wata tsohuwar Bafulatana ta zo tana tambaya gida gida. Mata ba sa shiga maƙabarta, sai Baffa ya tsayar da ita a bakin shinge, shi ya shiga, ya je ya dafa dutsen, ya ɗaga murya ya ce, "Ga ɗanki nan, Inna. Inuwa tana samunsa da la'asar." Ta tsaya ta yi addu'arta ta tafi.

Sai shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Mun yi murna, kuma har yau ban yi nadamar murnar ba. A ƙauyenmu muka kafa kwamiti don gyaran al'amura, aka ba ni shugabanci saboda ina da baki kuma ina ɗan karanta takarda. Mun yi abubuwa masu kyau. Mun raba rigingimu, mun gyara masallaci.

A ƙarshen daminar shekarar nan, aka je binne wani, sai aka ga dutsen kabarin mahaifina, wanda ke gindin tsamiya, ya yi ja. Ba ɗan ja ba. Gefensa ɗaya duk ya rine kamar an yanka kaza a kai an bar shi ya bushe. Mutane suka ja da baya. Kafin magariba maganar ta zaga gari: dutsen baban Ciyaman yana fitar da jini, azabar kabari ce ta fito fili.

Da wani ne da ya yi dariya. Ni ban iya ba, saboda na san abin da ba kowa ya sani ba. Mahaifina, Allah ya gafarta masa, ya taɓa tumɓuke gambar iyaka tsakanin gonarmu da ta wata bazawara maƙwabciyarmu, ya matsar da ita kunya uku cikin tata. Matar ba ta da mai tsaya mata, ta yi kuka ta haƙura. Ya mutu bai mayar ba. Ni na gaji gonar, ina noma kunya ukun nan, ina cin geronsu. Na sha jin wa'azi a kan wanda ya ci ƙasar wani. Daga ranar da na ga jan nan, in na ɗauki loma sai in ji kamar ƙasa nake taunawa. In na yi sujada sai in ga dutsen.

Na je na sami Baffa a maƙabarta da hantsi, yana cire ciyawa. Na ce, "Baffa, ka ga dutsen?"

Ya ce, "Na riga ka gani da shekara uku. Mai jan ciki ne ya samu laima ya fito waje. Je ka duba jikin tsamiyar ma, yana nan. Ita ma azaba ake mata?"

Na ce, "Mutane suna magana."

Ya miƙe yana dafe da ƙugu. Ya ce, "Ɗana, ni da kai mun san abin da ke cin ka. Ba a nan maganinsa yake ba. Yana gona, kunya uku."

Na ji kamar ya mare ni a kasuwa. Na juya na tafi ban yi masa sallama ba.

A zaman kwamiti na gaba na kawo magana. Na ce duwatsun nan na maƙabarta bidi'a ne, suna jawo camfi, mutane sun fara duba a jikinsu kamar masu duba a ƙasa. Na yi magana da zafi, na kawo abin da na sani da abin da ban sani ba. Liman ya ce, "A yi hankali. Sa alama a kabari ba gini ba ne, ba a hana ba." Na ce ai ga fitinar da ta jawo. A lokacin ba wanda yake son a ce shi ne mai sanyi a addini. Aka bi ni. Ba wanda ya san cewa dutse ɗaya tak nake son ya ɓace, na haɗa da sauran don kada a gane.

Ranar Asabar muka shiga da amalanke biyu. Baffa yana tsaye a bakin ƙofa. Bai yi ihu ba, bai riƙe kowa ba. Da na zo wucewa ya ce, "Ciyaman." Ranar ya fara kirana haka. "Waɗannan da kake kwashewa, shekarun mutane ne. In ka zubar, ba a kasuwa ake sayo wasu ba."

Na ce, "Baffa, ka matsa, aikin Allah muke yi."

Ya matsa. Muka kwashe su duka, muka zuba a kwazazzabo. Na mahaifina ni na ɗauke shi da hannuna, ban yarda na kalle shi ba, na jefa. Ruwan sama ya bi ta kan kaburbura damina biyu, tudun ya kwanta, wuri ya zama fili ɗaya kamar gonar da aka share.

Na zaci Baffa zai bar aikin. Bai bari ba. Duk wanda ya mutu, shi zai shiga gaba, ya tsaya ya kalli tsamiya, ya kalli shinge, ya ƙirga taku, leɓensa yana motsi, sannan ya caka sanda ya ce, "Nan." Duk maƙabartar ta koma cikin kansa.

A shekara ta huɗu aka kwantar da shi asibiti a Daura, aka yi masa aiki. Yana can wata mata ta rasu. Muka ce ai fili ne, ga shi nan ko'ina. Ni na nuna wuri. Ana cikin haƙa, mai shebur ya yi salati ya yi tsalle ya fito. Na leƙa. Ba zan faɗi duk abin da na gani ba. Zan faɗi ɗaya: kitso ne, bai warware ba. Muka mayar da ƙasa. Har yau ban san uwar wa na buɗe ba. Duk tsohuwar da na tuna a garinmu, sai in ce ko ita ce.

Daga ranar ba a sake haƙa ko taku ɗaya ba sai da Baffa. Da ƙafafunsa suka gaza, a amalanke ake ɗaukarsa, a zagaya da shi yana nuni da sanda. Ya ci gaba da kafa wa sababbin kaburbura dutse, ba wanda ya ƙara cewa bidi'a, har ni. Amma tsohon wurin, wanda shi ake bukata, ya zauna babu alama. Liman ya taɓa ce masa ya koya wa wani. Baffa ya ce, "Da duwatsu suna nan, ko makaho in ya shafa zai koya. Yanzu me zan nuna masa? Cikin kaina?"

Akwai ranar da ba na mantawa. 'Yata ta uku, wadda take koyar da kimiyya a makarantar sakandare, ta zo hutu. Ita da Baffa wasan jika da kaka suke yi. Muka je gaishe shi, ya ce, "Amarya, kin zo ki ga ko na mutu ki ci gado?"

Ta ce, "Wane gado, tsoho? Sanda da farce?"

Ya yi dariya har da tari. Ya jawo wani ɗan dutse daga ƙarƙashin tabarma, ya ce, "Tunda an ce kin yi boko, gaya mini mene ne wannan." Ya kankara da farcen, ja ya fito a ƙarƙashin tokar.

Ta karɓa ta juya shi. Ta ce abin nan ba halitta ɗaya ba ce, biyu ce. Akwai mai gida, dangin funfuna, shi ke kama dutse ya riƙe laima. Akwai baƙo a cikinsa, dangin gansakukar kududdufi, shi ke haɗa abinci da hasken rana su ci tare.

Baffa ya ce, "Wato ɗaya ya yi gini, ɗaya ya yi girki. Aure ke nan. Sun fi mu zaman lafiya."

Ta ce kakannin baƙon a ruwa suke tun zamanin da ba a iya ƙirgawa, a hankali wasu suka saba da tudu, jikinsu ya yi ta sauyawa. Ta ce asalinsa kore ne, ko mai jan cikin ma kore ne, jan launin kamar riga ce da yake tarawa don kada rana ta ƙone shi. Irin launin da ke cikin karas da manja ne. Har ta ce akwai ƙasashen da ake kiwon danginsa a tafkuna, a cire launin a sa a abinci. Ban gane duka ba, kuma Allah ne masanin yadda ya yi halittarsa.

Baffa ya ce, "To kankaro mini da yawa, Iyarku ta huta da neman manja." Sannan ya ce, "Amarya, jini ne?"

Ta ce, "Wane irin jini kuma? Tsiro ne."

Ya ce, "Ɗaga murya. Akwai mai ciwon kunne a zauren nan."

Bai kalle ni ba. Ita ba ta san zancen ba, ta yi dariya. A nan ya kamata in durƙusa in ce, "Baffa, ka yafe mini." Bakina ya buɗe, sai na ji na ce, "Bari mu tafi, azahar ta yi." Haka na yi ta yi shekara da shekaru. Ina kai masa gero, ina kai masa goro, ina gaishe shi safe da yamma, amma kalmar nan ɗaya ta ƙi fita. Kullum ina cewa sai gobe.

To, ga ranar Talata ta zo, gawarsa tana ɗaki an yi mata wanka, maƙeri ya nuna ni da sanda. Na tashi na shiga gaban masu haƙa. Muka shiga maƙabarta, ciyawa ta rufe ko'ina, kore shar, ba ka bambanta nan da can. Ɓangaren da Baffa ya kafa wa sababbin duwatsu ya cika. Na tsaya inda nake ganin Baffa yana tsayawa, na kalli tsamiya, na kalli shinge, ban ga komai ba sai tsamiya da shinge. Na nuna wani wuri. Suka haƙa har gwiwa. Sai diga ta yi wata ƙara, ta fito da guntun itace, irin wanda ake jerawa a kan gawa, bai gama ruɓewa ba. Babbansu ya ajiye digar. Ya ce, "Alhaji, wallahi ba zan ƙara sara ba. Ka nemo wanda ya sani."

Wanda ya sani yana kwance cikin likkafani.

Na koma gida ni kaɗai. Na wuce zaure ban kalli kowa ba, na shiga cikin gida, mata suka dare. Na durƙusa a ƙofar ɗakin Iya, tana bayan labule. Na ce, "Iya, ni ne. Na rasa inda zan sa Baffa. Ni na jawo. Don Allah, bai bar wata magana ba?"

Ta ce, "Sai yanzu, ɗan nan?"

Na ce, "Sai yanzu, Iya."

Ta ce, "Ya bari. Amma ya ce kada in gaya wa liman, kada in gaya wa maƙeri, kada in gaya wa kowa, sai in kai ka zo da ƙafarka ka tambaya. Ya ce ku ɗage ƙayar da ke gindin tsamiya."

Na san ƙayar. Shekaru tana nan a tare, Baffa yana ƙara mata sabuwa, muna zaton don awaki ne.

Ta ce, "Ranar da kuka zubar da duwatsu, da kuka watse, ya sauka kwazazzabo da kansa. Har la'asar yana tono. Ɗaya ya iya ganewa, saboda jan. Ya mayar wa yayansa. Ya ce daga dutsen, ta wajen yamma, fili biyu ne, ba a taɓa sa kowa ba. Na kusa da yayansa nasa ne."

Na ce, "Ɗayan fa?"

Ta ce, "Naka."

Na ce, "Iya, ya ce ya yafe mini?"

Ta ce, "Bai ce ba. Ni ma na tambaye shi. Ya ce dai in gaya maka, kafin ka zo ka kwanta a gefensu, ka tabbata kunya ukun nan sun koma."

Muka ɗage ƙayar. Dutsen yana nan, ja kamar ranar da na fara ganinsa, har ya fi. Masu haƙa suka ja da baya, ni na durƙusa na dafa shi. Sanyi gare shi, da ɗan laushi kamar gashin jariri. Aka haƙa inda ya ce. Ƙasa ce fes har ƙasa, ba itace, ba komai. Kafin azahar mun rufe Baffa.

Washegarin sadakar uku na kira liman da maƙeri da jikan bazawarar nan, wanda shi ke noma gonarsu yanzu. Muka je gona. Na faɗi abin da mahaifina ya yi da abin da na ci gaba da yi, a gabansu, da bakina. Na dasa gamba a tsohuwar iyaka, na bar masa kunya ukun da geron da ke kansu. Shi ya ce ya yafe. Kakarsa kuwa tana cikin maƙabartar nan, a wani wuri da ba wanda ya sani, saboda ni.

Wannan shi ne abin da ke hana ni sukuni. Mai rai ana zuwa ƙofarsa. Amma Baffa, da bazawarar nan, da mai kitson da na buɗe, da ɗan Bafulatanar da in uwarsa ta dawo ba mai iya dafa mata dutse, duk sai mun haɗu ranar hisabi, a inda ba a ɓoye dutse ɗaya a cikin ɗari. Duk wanda ya karanta wannan kuma yana da nasa a maƙabartarmu, ina roƙonsa ya yafe mini tun ina jin magana.

Na je bayan gari na faso dutse da hannuna, na kafa wa Baffa, sabuwar fuskar tana kallon sama, yadda yake yi wa mutane. Allah ya haskaka kabarinsa, ya yalwata masa shi fiye da yadda ya yalwata wa wasu. Duk Juma'a ina zuwa in duba. Har yanzu dutsen fari ne, ko ɗigo bai fito ba, kuma na san ba zan ga ya kai farce ba. In na gama addu'a sai in matsa taku biyu yamma, in durƙusa, in cire ciyawar da ta fito a nawa.